Yayana Ivano da Tsohuwarsa

Litinin, 6 ga Maris

Yau muka yaye wa Tsohuwa bargo. Tun Oktoba take kwance a ƙuryar gareji. Yayana Ivano ya tsaya yana kallonta, hannu a aljihu, ya ƙi bari in taɓa ta sai da ya gama. Shi ya sayo ta sabuwa fil daga Bologna yana ɗan shekara ashirin, silinda biyu, tanki ruwan ɗorawa. Tun zamanin Baba, duk babur ɗin da ya shigo garejin nan da ita Ivano yake auna shi, kuma har yau babu wanda ya ci jarrabawa.

Hawan tsofaffin babura na bana ranar Lahadi 21 ga Mayu ne, daga dandalin Marano zuwa kan dutse. Ya riga ya sa sunansa. Na sake ɗauko maganar ƙara faifan birki na biyu a tayar gaba, kamar yadda nake yi duk shekara. Ya ce da faifai ɗaya ta zo duniya, da shi za ta koma. Na tuna masa shekarunsa sittin da tara. Ya ce, "Ke Nives, auta, me kika sani? Ba ki taɓa hawa komai ba sai kan mutane." Na jefe shi da tsumma.

Sanyi har cikin ƙashi. Hita ba ta yin komai.

Alhamis, 9 ga Maris

Na buɗe gareji na tarar da famfon man Tsohuwa a buɗe, fetur ya yi tafki a ƙasa, ya kusa kai wa hita. Ivano ya ce ni ce. Rabona da taɓa ta tun Litinin.

Asabar, 18 ga Maris

Ta tashi. Sabon baƙin mai, sababbin fulogi, kafireto biyun na wanke su fes. Ivano ya buga kiki sau biyu, a na uku ta amsa. Wannan muryar! Ba ta ihu irin na baburan yanzu, daga ciki take magana, har gwangwanayen kan kanta suna rawa. Oreste mai shagon kofi na tsallaken titi ya fito da kofi a hannu ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce yanzu ya yarda bazara ta shigo.

Da muka kashe ta Ivano ya tambaye ni ko na canza baƙin mai. Na ce tare muka canza da safe, shi ya riƙe mazurari. Ya ce ya sani, gwada ni yake.

Kafin mu rufe ya sake tambaya.

Lahadi, 26 ga Maris

Abincin rana a gidan su Ivano. Matarsa Loredana ta yi taliyar tortellini a romo, ta cika gishiri, ba halinta ba ne. Da muka shiga kicin wanke kwanuka ta tura ƙofa, ta ce ranar Laraba ya fita sayen burodi, bai dawo ba sai da rana ta take, kuma babu burodin. Ya ce hira ya tsaya yi. Ta bi ta tambaya, babu wanda ya yi hira da shi. Mai sayar da jarida ce ta gan shi tsaye a gaban tsohon gidanmu, wanda muka sayar tun rasuwar Mama, yana laluben makulli a aljihu.

Ta ce tsufa ne kawai, ko? Na ce tsufa ne. Ta ce kada in yi masa maganar. Muka ci gaba da goge cokula.

Talata, 4 ga Afrilu

Wani likitan haƙori daga Modena ya kawo sabon baburinsa a canza sarƙa. Na gama, Ivano ya ce bari ya zagaya da shi a fili. Ina kallonsa ya nufo ƙofa, maimakon ya tsaya sai babur ya yi tsalle, ya daki gangar tsohon mai. Ba gudu yake ba, Allah ya tsare. Madubi ne kawai ya fashe.

Na san abin da ya faru. A Tsohuwa giya a ƙafar dama take, birki a hagu. A na yanzu akasin haka ne. Ya taka hagu yana neman birki. Amma mutumin nan ya fi shekara talatin yana sauka daga wannan ya hau wancan ba tare da ya yi tunani ba. Ƙafarsa ce ta koma zamanin da.

Ya ce takalminsa ne ya zame. Na sa sabon madubi, ban gaya wa mai babur ba.

Juma'a, 14 ga Afrilu

An kawo kwali da sunansa. Manyan kafireto guda biyu, da salansa ta tsere, wadda babu komai a cikinta. Na ɗauka na wani kwastoma ne. Ya ce na Tsohuwa ne.

Ivano. Mutumin da ya taɓa yin wata guda ba ya yi mini magana don na sa mata noti mai ƙyalli a maimakon na asali. Wanda yake kiran masu canza wa tsofaffin babura kaya mahauta. Na ce masa ina maganar yadda ta zo duniya? Ya ce wannan daban, bana sai ya karya lokacin Gualtiero, ya gaji da surutunsa.

Gualtiero abokin hamayyarsa ne tun suna samari. Shekara goma sha biyar ke nan da mutuwarsa, Ivano yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatin. Kuma hawan nan ya daɗe da daina zama tsere. Babu agogo, babu na ɗaya. Tsofaffi ne ke hawa a jere, su ci gurasar tigelle da naman alade a kan dutse, su yi ƙarya, su sauko.

Na shiga banɗaki na zauna. Ban san tsawon lokacin ba.

Asabar, 22 ga Afrilu

Na ɗaura masa su. Me zan yi? In na ƙi, shi zai ɗaura da kansa.

Kuma in faɗi gaskiya, tunda ba wanda zai karanta wannan: ta yi daɗi. Na daidaita kafireton da kunne kamar yadda Baba ya koya mana, da na murɗa totur sai da tsigar jikina ta tashi. Kamar an kwance mata maƙogwaro bayan shekara hamsin. Na ji kunyar kaina da na ji daɗin.

Da ya tafi cin abinci na bi duk abin da ya taɓa da sifana. Notin tayar gaba da yatsa na juya shi. Da yatsa.

Yanzu kullum haka zan yi, in ya fita in bi bayansa.

Laraba, 3 ga Mayu

Loredana ta yi masa wayo ta ce likita yana son ganinsu su biyu saboda hawan jini. Ya ce bayan 21 ga wata. Komai yanzu bayan 21 ga wata.

Na tsallaka wurin Oreste, tunda yana cikin shugabannin ƙungiyar da ke shirya hawan. Na gaya masa rabin abin da na sani. Ya yi ta goge kanta wadda ba ta da datti. Ya ce Ivano ne ya kafa ƙungiyar nan, lamba ɗaya tasa ce tun farko, lasisinsa da sauran rai, wa zai tsaya a gabansa ya ce masa kada ya hau? Ya ce shi ma jiya ya manta inda ya ajiye tabarau. Na ce ba maganar tabarau nake ba. Ya ce zai sa mutum biyu su bi shi a baya, gaba ɗaya hanyar ba ta da tsawo, me zai faru?

Mutum biyu su bi Ivano. A kan me, jirgi?

Alhamis, 11 ga Mayu

Ruwa tun Lahadi. Dutse yana ta zubo da laka a kan titi. Ivano ya tambaye ni inda Baba ya ajiye agogon kama lokaci.

Juma'a, 19 ga Mayu

Na yi. Da ya tafi cin abinci na zare wayar da ke kai wuta ga fulogi, na yanke ƙarfen a cikin robarsa, na mayar da robar ta haɗe kamar ba a taɓa ba, na tura ta can ƙarƙashin tanki. Da ido ba za a gani ba. Makanike mai hankalinsa ma sai ya yi kwana biyu yana nema, balle wanda ba ya tuna ko ya sha kofi. Zai zargi batir, ya zargi fulogi, Lahadi ta wuce.

Na wanke hannuna na koma benci.

Asabar, 20 ga Mayu

Ya buga kiki har gumi ya jiƙa rigarsa. Ina can wajen benci ina goge abin da ba ya bukatar gogewa. Sai ya daina. Ya durƙusa, ya rufe ido, ya zura hannu ƙarƙashin tanki yana bin wayoyi ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa da babban yatsa, kamar mai cire ƙaya daga kifi. Ko kofina bai huce ba ya tsaya a daidai wurin. Ya lanƙwasa wayar, ta karye a hannunsa. Ya duba bakin yankan. Yankan almakashi ba ya kama da na tsufa.

Na shirya wa faɗa. Da ya yi faɗan da na samu sauƙi. Ya ɗauko sabuwar waya daga aljihun benci, ya auna, ya yanka, yana aiki yana magana, bai kalle ni ba.

"Na san abin da ke damuna, auta. Kina tsammani ban sani ba? Da safe nakan kwanta ina kiran sunayenku ɗaya-ɗaya, in ga wa ya ɓace."

Na ce to don Allah ya haƙura, gobe ya zauna a motar gareji tare da ni.

"A ƙasa nake ɓata. A kanta ban taɓa ɓata ba."

Ta tashi a bugu ɗaya. Ya ce in duba masa iskar taya. Na duba.

Na kira Loredana. Ta yi kuka, ta ce in ɓoye makulli. Tsohuwa ba makulli ne ke hana ta tashi ba, ga wanda ya san ta. Na yi tunanin in kira 'yan sanda. In ce musu me? Yayana zai hau baburinsa?

Lahadi, 21 ga Mayu

Zan rubuta shi yadda ya faru, in ba haka ba gobe zan fara gyara shi.

Ruwa ya ɗauke, titi ya bushe rabi da rabi. Babura sun cika dandali, Guzzi, Laverda, Morini, hayaƙi shuɗi ko'ina. Ivano cikin tsohuwar rigar fatarsa, har yanzu tana shigarsa. Ya gaisa da kowa da sunansa, ko ɗaya bai kuskure ba. Ya tsokani Oreste a kan tumbinsa. Har na fara tunanin ko ni ce na zuzuta abin.

Aka ɗaga tuta. Sauran suka tashi a hankali kamar masu rakiyar amarya. Shi kuwa ya kwanta a kan tanki ya buɗe mata wuta. Mutane suka yi ta tafi. Mutum biyun Oreste ko ƙurarsa ba su gani ba. Na tsaya ina jin muryarta tana hawa dutse, tana canza giya a daidai inda ya kamata, har ta ɓace.

Ni ce kullum a baya da motar gareji, ina kwasar baburan da suka mutu a hanya. Na tsaya wa wani ɗan Parma da sarƙarsa ta tsinke, shi ya cinye mini lokaci. A kowace kwana ina leƙa gangare. Babu komai. Da na iso kan dutse an fara cin abinci, babura a jere a gefen ciyawa. Na bi layin da ido. Babu tanki ruwan ɗorawa.

Oreste ya taso da tigelle a hannu yana cewa ai ya ɗauka Ivano ya riga kowa isowa ya juya. Masu girki suka ce su ba su ga kowa ba kafin ayarin.

Nan take na gane. A da, lokacin da abin yake tsere, ba ta wannan titin ake bi ba. A cocin San Rocco ake karkata hagu, a bi tsohuwar hanya ta gefen kwari. Wadda dutse ya zaftare ya tafi da ita shekara ashirin da suka wuce. An gitta mata ƙarfe, amma manoma sun daɗe da ture shi gefe don taraktocinsu.

Oreste ya shigo mota ba tare da na ce masa ba. A San Rocco ga sawun taya ɗaya a cikin laka, ya yi hagu. Hanyar duk ciyawa ta fasa kwaltar, rassa suna dukan gilashi. A kowace kwana sawun yana shiga ta waje ya fita ta ciki, tsaf, yadda yake yi tun yana yaro. Oreste ya fara addu'a ƙasa-ƙasa. Na ce ya yi shiru.

Bayan kwana ta ƙarshe sai baƙin layi a kan kwalta, dogo, miƙaƙƙe. Na bi shi da ido har inda ya ƙare. Tsakanin ƙarshensa da inda hanya ta yanke, bai kai tsawon motata ba. Daga nan sai iska, da kogi can ƙasa.

Tsohuwa tana tsaye a kan ƙafarta a gefe, famfon mai a rufe, hular kwano a rataye. Ivano yana zaune a kan wani dutse yana kallon ramin. Ko ƙwarzane babu.

Da ya ji mu ya waiwayo da fushi, ya ce wane ɗan iska ne ya ɗauke hanya ana tsakiyar tsere? Ya ce yana gaban Gualtiero, ya tabbata yana gabansa, a je a tambayi Baba, yana can sama da agogo. Na zauna kusa da shi. Na cire hulata. Ya yi ta kallon kaina.

"Nives, yaushe kika yi furfura?"

Na ce an daɗe.

Ya sake kallon ramin, ya kalli baƙin layin, ya kalli hannuwansa. Ina gani abin yana dawo masa, kamar ruwa yana cika rijiya. Ni da Oreste muka tura Tsohuwa cikin mota muka ɗaure ta. Bai taya mu ba, bai ma ce mu yi hankali da tanki ba. A hanya ya zauna a tsakiyarmu kamar yaron da aka ɗauko daga makaranta.

Litinin, 22 ga Mayu

Faifan birkin ya yi shuɗi saboda zafi. Na daɗe ina kallonsa. Ban buɗe gareji ba yau.

Alhamis, 8 ga Yuni

Asibiti a Modena, ni da shi da Loredana. An ɗauki hoton kansa, an sa shi zana agogo a takarda, ya jera lambobin duk a gefe ɗaya. Likitar ta faɗi sunan ciwon. Ba zan rubuta shi ba. Ta ce babu tuƙi, ko keke. Ya ce to.

Loredana tana so a sayar da Tsohuwa, ta ce ba ta son ta ƙara ganinta. Wani Bajamushe ya riga ya kira sau biyu. Na ce garejin rabi nawa ne, kuma a rabina take tsaye. Na cire batir da sarƙa na kai gidana. Na mayar mata da ƙananan kafiretonta da salansarta ta asali, manyan na sa su a kwali.

Asabar, 26 ga Agusta

Zafi. Ivano ya bar ruwa a kan wuta har tukunya ta ƙone. Loredana ta rame.

Talata, 14 ga Nuwamba

Yanzu Loredana takan kawo shi da safe ta ɗauke shi da rana, don ta samu ta yi barci. Ina ba shi tsohon kafireto a tire, ya warware shi, ya wanke, ya haɗa. Ba ya kuskure ko wasali ɗaya. Gobe in sake ba shi shi. Tsohuwa ba ya kallonta sosai.

Yau ina ɗaura wa tayar wata Laverda sababbin wayoyi, ina juya ta ina saurare, sai na ji ya jawo kujera kusa. Ya daɗe yana kallo. Can ya ce, kamar mai yi wa baƙuwa magana, "Signora, a ina kika koyi aiki?"

Na ce a wurin mahaifina da yayana.

Ya gyaɗa kai, ya ce sun iya koyarwa. Ya ce shi ma yana da ƙanwa mai wannan sana'ar, bakinta ya fi ƙarfinta, amma in ta ɗaure noti ba ya sake dubawa. Ya tambaye ni ko na san ta. Na ce ina jin labarinta. Daga nan muka yi ta hira, a kan wayoyin taya, a kan wane mai ya fi, a kan wata kwana da ke bayan San Rocco da yadda ake shigarta. Ya saurare ni har na gama magana, bai katse ni ba ko sau ɗaya. Da Loredana ta zo ya miƙe ya ba ni hannu, ya ce ya ji daɗin haɗuwa da ni.

Likita ta ce a riƙa gaya masa gaskiya a hankali, a tuna masa wa ke gabansa. Zan yi. Yau dai aiki ya yi yawa.

Ɗaya tayar da na yi niyyar gamawa da yamma, na bar ta sai gobe da safe. Kujerar ma na bar ta inda ya ajiye.